Tayim ɗin Gwaggo

Ranar da likita ya hana Gwaggo gishiri, Injiniya ne da kansa ya tuƙo ta daga asibiti. Ɗan wanta ne, a hannunta ya girma, kuma da yake sunan mahaifinta ya ci, ba ta kiransa da komai sai Babana. Suna shiga gida, ko takalmi bai cire ba, ya kira matarsa, wadda kowa ke ce wa Malama saboda koyarwa take yi, ya tara yara a falo, ya gyara murya kamar mai buɗe taro.

"Daga yau tukunyar Gwaggo daban ce. Ba gishiri, ba dunƙule. Likita ya ce jininta ya hau sosai, in aka yi wasa zai iya kayar da ita. Kowa ya ji ko?"

Kowa ya ce ya ji. Malama har da dafa kafaɗar tsohuwar. "Ai wannan ƙaramin abu ne, Gwaggo. Ki kwantar da hankalinki."

Gwaggo ta yi ta sa albarka, amma ta san gidan da take ciki. Malama tun da sassafe take fita, ta dawo da yamma a gajiye, yara na jan ta ta kowane gefe. Don haka tun kafin a kai ga ƙorafi, ta roƙi a ba ta tsohon rishon da ke sito, ta ce za ta riƙa dafa ɗan abinta a ƙofar ɗakinta. Ɗakin yana gefen gida, kusa da get, kuma tsakaninsa da katanga akwai ɗan fili mai yashi da tsakuwa, inda rana ke wuni.

Abinci lami sai wanda ya ci ya san shi. Ta dafa shinkafa da miya, ta kai loma, ta ji kamar tsumma take taunawa. Ta dafa wake, ya tsaya mata a wuya. Kifin da take so ma ƙarni kawai yake bar mata a baki. Sai ta ci kaɗan ta ture kwanon, ta zauna tana kallonsa kamar wanda suka yi faɗa.

Matar tela, maƙwabciyarsu da katanga ɗaya ta raba su, ita ce ta lura. Tana shanya ta leƙo ta ga kwanon a ture.

"Gwaggo, ke da abinci kuma yau gaba kuke yi?"

"Ina fa abinci a nan, 'yar nan. Ciyawa ce aka dafa. Akuya ma da za ki ba ta sai ta tambaye ki laifin da ta yi miki."

Matar tela ta yi dariya, ta ɓace, ta dawo da wasu 'yan rassa sirara masu ƙananan ganye kamar ƙwayar shinkafa. "Murza wannan ki shinshina."

Gwaggo ta murza a tsakanin yatsu, ta kai hanci. Wani ƙamshi mai ɗumi, mai ɗan yaji-yaji, ya hau mata har ka.

"Tayim ke nan, irin wanda ake sayarwa busasshe a 'yan kwalabe. Amma ɗanyen ya fi shi nesa. Da shi na riƙa lallashin mahaifiyata lokacin da aka hana ta gishiri. Ki zage ganyen ƙasa, ki soka a yashi. Ba ya son ruwa da yawa, ba ya son inuwa. In kika cika shagwaɓa shi ruɓewa zai yi."

Gwaggo ta share filin nan da hannunta. Ta tsince kwalabe da ledoji, ta kawo tokar da matar tela ta ba ta da ɗan busasshen taki, ta gauraya da yashin, ta jera duwatsu ta kewaye. Ta soka rassan, ta riƙa ba su ruwa da ƙaramin kofi, kamar mai ba jariri magani. Wasu suka bushe. Sauran suka kama, suka fara fitar da sababbin kai, suka bazu a ƙasa har suka haɗe suka zama kamar ƙaramar darduma. Ta koyi halinsa. Da safe ake tsinka, kafin rana ta yi zafi. Kan ake ɗauka, mai laushi, ba a taɓa itacen ƙasa. In ka kama reshe ta sama ka ja yatsu zuwa ƙasa, ganyen duk sai ya zubo a tafin hannu.

Sai tukunyarta ta canza. Ta soya albasa a ɗan mai har ta yi ja, ta daka tafarnuwa da citta ta zuba, ta jefa tayim tun da wuri don ya saki jikinsa a cikin man, sannan tumatir ya biyo baya. Kifi kuwa ta jiƙa shi da lemun tsami, ta cusa masa rassa a ciki, ta rufe ta bar shi a wuta kaɗan-kaɗan. Ba za a ce ya maye gurbin gishiri ba, amma baki ya samu abin kamawa. Ta koma cinye kwanonta tas. Da ta koma asibiti likita ya auna ta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Mama, duk abin da kike yi, ki ci gaba."

A hanyar dawowa Injiniya ya kira wani ɗan'uwansu a waya, yana tuƙi yana cewa, "Ai mun tsaya mata sosai. Jinin ya sauka." Gwaggo na bayan mota tana ji. A lokacin abin dariya ya ba ta.

Wata rana da hantsi ta ɗora tukunya, ta shiga ɗaki ɗauko murfi. Iska ta taso ta yaye tawul ɗin da aka shanya a igiya, ta jefa shi kan risho. Kafin ta fito gefensa ya kama. Ta finciko shi ta taka, wutar ta mutu. Abin da ya ƙone bai kai tafin hannu ba. Amma da yamma tawul ɗin na kan teburin falo, an baje shi kamar shaida a kotu.

"Gwaggo, da gidan nan ya kama fa?" in ji Injiniya. "Ga mota kusa, ga yara. Ni ba don kaina nake faɗa ba, don ke nake faɗa. Shekaru sun ja, hannu ya fara rawa."

"Babana, ba hannuna ba ne. Iska ce. A matsar da igiyar shanyar kawai."

"Yau iska, gobe wani abu. A'a, hankalina ba zai kwanta a ofis ba. Ki bar girkin nan. Za a riƙa ɗebar miki naki kafin a sa gishiri, shi ke nan. Ko ba haka ba, Malama?"

"Ai tun farko abin da na ce ke nan," in ji Malama. "Ita ce ba ta son hutu."

Ya ɗauki rishon da kansa ya sa a bayan mota. Gwaggo ba ta sake ganinsa ba.

Da farko an ɗeba ɗin. Malama za ta kwashi miya a ƙaramin kwano kafin ta sa kayan ɗanɗano, ta aiko. Gwaggo ta tsinko tayim ta murza a kai, ta matsa lemun tsami. Ɗanye a kan abincin da ya riga ya dahu bai kai wanda aka dafa da shi ba, amma ana ci. Sai wata rana ta kai loma ta ji gishiri ya cije mata harshe. Ta ɗauki kwanon ta je ƙofar kicin.

"'Yata, kamar yau an manta."

Malama ta dafe goshi. "Wallahi hannuna ne ya saba, Gwaggo. Sai da na zuba na tuna. Amma kaɗan na sa. Kawo in ƙara miki ruwa."

Ta tsiyaya ruwan zafi a miyar ta juya, ta miƙo mata. Gishirin yana nan inda yake, miyar ce kawai ta zama ruwa.

Daga nan mantuwa ta samu wurin zama. Yau hannu ya saba. Gobe an dawo a makare, yara na kukan yunwa, ba a samu sukunin raba tukunya ba. Jibi naman tun jiya aka tafasa shi da dunƙule, ba yadda za a yi a cire. Gwaggo ta ce to a riƙa ba ta farar shinkafa zalla, ita za ta san yadda za ta yi. Ashe ita ma shinkafar da gishiri ake tafasa ta, don yara ba sa cin ta haka. Ta ce a bar ta ta shiga kicin ta ɗora abinta idan an gama.

"Haba Gwaggo," Malama ta ce, tana murmushi. "Ina gida, a shigo a gan ki a kicin? Me mutane za su ce a kaina? Je ki huta. Ke yanzu ai sai dai a yi miki."

In kuma Malama ta fita aiki, kicin a kulle yake, saboda gas, saboda yara. Mukullin na cikin jakarta.

Gwaggo ta koma dabaru irin na fursuna. Ta tsamo nama ta wanke shi a kofin ruwa kafin ta ci. Ta tsame dankali ta bar romon. Ta jefa reshen tayim a ruwan zafin fulas ta sha, don cikinta ya ɗauka an ba shi wani abu. Matar tela ta gane halin da ake ciki ba tare da an gaya mata ba. Da rana, in gida ya yi shiru, sai ta ƙwanƙwasa katanga da cokali, ta miƙo ɗan kwano a rufe: kifi ko wake, ba gishiri, an dafa da tayim tun daga farko yadda ya kamata. Gwaggo ta tsinka mata sabon ganye ta mayar da kwanon da shi. Kwanakin nan ta ɗan farfaɗo.

Injiniya ya dawo da wuri wata rana, ya buɗe get, ya yi kiciɓis da kwano a saman katanga, hannu na miƙowa, hannu na karɓa. Ya jira sai da matar tela ta sauka. Sannan ya shigo ɗakin Gwaggo ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Gwaggo, me na yi miki?"

"Me ya faru, Babana?"

"Kina so unguwa ta ɗauka ba na ciyar da ke? Ni da ake gaishe ni a layin nan, a ce gwaggona na karɓar abinci ta katanga kamar wadda ba ta da kowa? Me aka rasa a gidan nan? Kaji ne babu, ko shinkafa?"

"Ba a rasa komai ba. Gishirin ne ya yi yawa. Na faɗa, na sake faɗa."

"To ai ni za ki gaya wa, ba maƙwabta ba."

"Ga shi ina gaya maka."

Ya ja numfashi, ya dubi wayarsa, ya mayar aljihu. "Zan yi wa Malama magana. Amma ke ma ki riƙa yi mata uzuri, aiki ya yi mata yawa. Kuma likitocin nan sun iya tsoratarwa. Ɗan gishirin da ke cikin miya ba shi zai kashe mutum ba. Ba kina shan maganinki ba? Ina fashin sayo miki?"

"Ba ka fashi."

"To kin gani."

Da yamma ya shiga gidan tela, suka yi magana ta maza, cikin mutunci da dariya. Washegari matar tela ta leƙo, idonta a ƙasa, ta ce maigidanta ya ce ta daina shiga sha'anin gidan mutane. Cokali bai sake taɓa katangar ba.

Ana nan sai Injiniya ya gayyato manyansa na wurin aiki cin abinci. Malama ta kwana biyu tana shiri. Da safen ranar Gwaggo ta fito ta tarar da ita a durƙushe a kan tayim, da almakashin kicin, tana yanka tana cika faranti.

"'Yata, a sama ake ɗauka. In kika kai itacen ba zai sake tohowa ba."

"Kaji ne da yawa, Gwaggo. Ai ciyawa ce, za ta fito."

Ta yanke shi ƙasa-ƙasa, ta bar kututture tsirara kamar kan da aka yi wa aski da reza. Da rana ƙamshin ya cika gidan har bakin titi. Gwaggo na ɗakinta, tana jin ƙarar cokula da dariya daga falo. Ta ji matar babban baƙon na tambaya, "Me kika sa a kajin nan haka?"

"Tayim ne ɗanye," in ji Malama. "A gida muke shuka abinmu. Ba ma sayen na kwalba."

"Muna da tsohuwa a gida," Injiniya ya ƙara, "dole mu kula da abin da ake ci."

Baƙi suka yaba. Da aka watse aka aiko wa Gwaggo cinya guda a faranti. Ƙamshin nata ne, ta san shi kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta a cikin taro. Ta ɗanɗana, gishiri da dunƙule sun ratsa har ƙashi. Tun safe ba ta ci komai ba. Ta daɗe tana kallon cinyar, sannan ta cinye ta, har da fata.

Daga ranar ta daina wanke nama a kofi. Yunwa ta fi ta ƙarfi, kuma ta gaji da zuwa ƙofar kicin da kwano a hannu kamar mai neman alfarma. Abin da aka kawo shi take ci. Ƙafafunta suka fara kumbura, takalminta ya daina shiga, sai ta taka bayansa. In ta danna yatsa a ƙaurinta sai ramin ya zauna. Ciwon kai ya zo ya tare a ƙeyarta, in ta sunkuya sai ta ga wasu ƙananan taurari na yawo. Duk da haka kullum da safe tana durƙusawa gaban kututturen nan da kofinta. Rabinsu sun mutu. Rabin suka yi ta maza, suka fito da 'yan ganye sababbi, kore shar.

Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce. Ta tuna wa Injiniya a bakin get, yana shirin fita.

"Babana, ranar likita ta wuce fa. Ga ƙafata."

Ya leƙo ta tagar mota ya duba. "Zama ne ya yi miki yawa. Ki riƙa ɗan zagayawa. Satin nan akwai aiki a kaina, amma mai zuwa in Allah ya so zan kai ki." Ya ɗaga gilashi.

Mai zuwan ya zo, wani aikin ya taso. Abin da ya iso gidan a maimakon haka shi ne mota ta biyu, wadda ya saya wa Malama don ta huta da hawan ta haya. Aka yi murna, yara suka yi ta shiga suna fita. Gwaggo ma ta fito da kumburarriyar ƙafarta ta shafa motar ta sa albarka. Sai da ta ga Injiniya na auna filin gefen ɗakinta da taku, sannan ta gane inda za a ajiye motar.

"Nan za a zuba siminti, a kafa rumfa," ya ce wa birkilan da ya kawo. "Daga katanga har jikin ɗakin."

"Babana, shukata fa?"

"Wace shuka? Au, wannan? Gwaggo, ai ta riga ta mutu."

"Ba ta mutu ba. Duba, tana fitowa. A bar mini ko gefen katangar ne, mota ba za ta hau nan ba."

Birkila ya ce in aka bar ƙasa a gefe ruwa zai riƙa shiga ƙarƙashin simintin ya fasa shi. Injiniya ya buɗe hannuwa, alamar abin ya fi ƙarfinsa.

"Kin ji dai da kunnenki. Kuma tunda ba girki kike yi ba, me za ki yi da shi? In ƙamshin kike so, zan sayo miki na kwalba, babba. Durƙuson nan ma ba ya yi miki kyau, shi ke ƙara miki ciwon kai."

Kafin leburori su fara, ta samo gwangwanin madara, ta huda gindinsa da ƙusa, ta tono wanda ya fi ƙarfi a cikin kututturen tayim ɗin da cokali, da ƙasarsa. Sauran shebur ya kwashe su tare da duwatsun da ta jera, aka zuba a baro, aka kai bola. Wani lebura ya tsaya ya shinshina hannunsa, ya ce wa ɗan'uwansa wannan ciyawar da ƙamshi take. Suka ci gaba da aiki.

Rumfar ta kwano ce, ta rufe daga katanga har saman tagar Gwaggo. Rana ta daina shigowa ɗakin. Da safe in Malama ta tayar da mota tana ɗumama ta, hayaƙin ta tagar yake shiga. Gwaggo ta riƙa yawo da gwangwaninta tana neman inda rana ke faɗowa. Ta ajiye a bakin baranda, Malama ta ce yana ɓata tayil da tsatsa. Ta ɗora a kan katanga, ƙwallon yara ta kayar da shi. Ta mayar da shi taga, a inuwa. Ya yi tsawo ya sirance, yana miƙa wuya wajen haske, ganyen ya yi fari, sannan ya fara zuba. Wata safiya ta taɓa shi, ya karye a hannunta. Na kwalbar da aka ce za a sayo bai taɓa zuwa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Bayan haka ba ta da dalilin fitowa da safe. Tana kwance har a kawo abinci, ta ci, ta sha magani, ta koma ta kwanta. Malama ta ce wa mijinta, "Ka ga yanzu Gwaggo ta samu hutu." Ya ce ai dama abin da yake nema mata ke nan.

A gidan nan babu wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Ba a zage ta ba, ba a hana ta abinci ba. Kullum da safe ana gaishe ta, a tambaye ta ya jiki, a wuce kafin ta amsa. In da za a tara mutanen gidan a ce wa ya cuce ta, kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma har zuciyarsa ya yarda da rantsuwarsa. Abin da take buƙata bai wuce a ɗebi miya a kwano kafin a kai hannu ga gishiri ba. Shi ne ya gagari gida mai mota biyu.

Wata ranar aiki da azahar, gida ba kowa, ta tashi za ta ɗauko ruwa. Kofin ya suɓuce daga hannunta na dama. Ta sunkuya za ta ɗauka, ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta zube a tsakanin gado da ƙofa. Ta buɗe baki za ta kira matar tela, abin da ya fito ba magana ba ce. Tana nan kwance, kumatunta a kan siminti, tana jin masu talla na wucewa a titi, har Malama ta dawo daga makaranta ta faka mota a jikin tagar Gwaggo, ta shiga ciki, ta sauya kaya, ta ɗora girki. Sai da aka kawo mata abinci aka gan ta.

A asibiti aka ce ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakin ya karkace, harshen ya yi nauyi. Washegari likitanta ya zo zagaye, ya tsaya a bakin gadonta, ya dubi ƙafafun, ya dubi Injiniya da Malama da ke tsaye a gefe.

"Matar nan jininta ya sauka lafiya lau a zuwanta na ƙarshe. Me ya sa ba a dawo da ita ba? Kuma ana kiyaye abincinta kuwa?"

Injiniya ya girgiza kai a hankali, irin na wanda ya sha wahala. "Likita, ka san tsofaffi. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Magani ban taɓa bari ya yanke ba. Abinci a gaya mata wannan ba naki ba ne, ka juya baya ka tarar ta cinye. Asibitin ma sai ka yi ta fama."

"Har daga maƙwabta ake miƙo mata abinci ta katanga," in ji Malama. "Ba mu san me ake zubawa a ciki ba. Sai da ya je ya yi magana."

Likita ya juyo ya sunkuyo kan Gwaggo, ya sassauta murya kamar mai yi wa yaro faɗa. "Mama, kin ga abin da rashin jin magana ya jawo ko? Kina da 'ya'ya masu kula da ke haka, ai sai ki taimake su."

Gwaggo ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata. Ta ɗaga hannun hagu, ta nuna Injiniya, ta nuna Malama. Maganar na nan cikakkiya a kanta, tun daga risho har zuwa gwangwani, kowace kalma a wurinta. Ta buɗe baki. Wani gurnani ya fito, miyau ya biyo shi ta gefen da ya karkace. Ta sake gwadawa, hawaye ya gangaro mata cikin kunne.

Malama ta ciro hankici ta goge mata baki a hankali, ta kama hannun da ke nuna ta, ta mayar da shi ƙarƙashin bargo.

"Godiya take yi," ta ce wa likita.

Likita ya gyaɗa kai ya wuce gado na gaba.

Da yamma dangi suka cika ɗakin, da lemo da ayaba a leda. Suka ga ɗakin da aka kama mata ita kaɗai, da fanka, da sabon bargo. Wata tsohuwa cikinsu ta kama hannun Injiniya ta riƙe, ta ce samun ɗa irinsa a wannan zamani sai an tona, wasu da tuni sun mayar da ita ƙauye. Sauran suka ce gaskiya ne. Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ai Gwaggo uwa ce," ya ce. "Duk abin da na yi mata ban biya ta ba."

Gwaggo na kwance tana kallon silin. Ta ji shi sarai. Kunnenta kam babu abin da ya same shi.